Tambayar da Yaya Balkisu Ta Aika

Shekara shida ke nan da muka rufe yayata Balkisu a Kucheri, garin da aka haife mu. Ni likitan dabbobi ne, ita kuwa kwamfuta ta karanta, sai Allah ya haɗa mu aiki a wani shirin kula da lafiyar dabbobi a Gusau. Na ga aikinta da idona, kuma har yau ban gama mamakinsa ba.

Ofishinmu yana da ɗan rumbun bayanai tsararre, komai a layinsa: sunan ruga, mazaɓarta, ranar da aka yi rigakafi, irin allurar da aka yi. Akwai kuma wani tarin bayanai da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya: hotunan tauraron ɗan adam na ruwa da ciyawa, saƙonnin da ma'aikatan karkara ke turowa ta waya kullum, rahotannin kasuwannin dabbobi da na mahauta. Wannan an rarraba shi a kan kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ke aiki tare a wata ƙasa da ba mu taɓa zuwa ba. Yaya ce ke riƙe da manhajar da ke tsakanin biyun. Tana zaune a Gusau za ta rubuta tambaya kamar ɗan rumbunmu take tambaya, manhajar ta kai ta can, kowace kwamfuta ta bincika rabonta, a haɗo amsa guda.

Wata damina, Ardo Manu, shugaban wasu rugage a wajen Furfuri, ya iso ofis da hantsi, rigarsa a jiƙe. Ya ce shanunsa suna tari, wasu sun kwanta. Na bi shi na duba, na tarar ciwon huhu ne. Allurar rigakafin da ke hannunmu ba za ta ishi ko da ƙaramar hukuma ɗaya ba, ga shi ban san inda cutar ta fito ba, balle inda ta nufa. Na dawo na tsaya a kan Yaya.

Ta ce, "Zauna, Auwalu. Mi kake son ka sani?"

Na ce ina son in ga duk rahotannin da aka turo tun farkon damina.

"In na ce a kwaso muna su duka, netwok ɗinmu sai ya kai jibi yana ja. Can za su tace, su aiko muna da abin da muke nema kaɗai. Faɗa mini alamun ciwon."

Na faɗa mata, ta rubuta 'yan layuka. Ta haɗa alamun tari da ranakun kasuwa, da wuraren da ruwa ya taru, da rugagen da ba a yi wa rigakafi ba a rumbunmu. Shayin da ke gabanta bai huce ba amsa ta dawo. Na ga cutar a allon kwamfuta tana tafiya kamar mai ƙafa: ta taso daga wajen Tsafe, ta bi burtali, ta tsaya a wani mashayi, ta miƙa ta nufi Bungudu. A iya aikina bayan cuta nake bi, ban taɓa ganin gabanta ba sai ranar.

Muka kwashi allurar muka kai rugagen da ciwon bai isa ba tukuna. Ardo Manu ya rasa shanu, ban iya hana wannan ba. Amma 'yan'uwansa da ke gaba sun fita daminar da garkunansu a tsaye.

Da labarin ya bazu, wani babba daga sama ya zo da baƙi, ya ce a buɗe musu manhajar su ga inda kowace ruga take da yawan shanunta. Yaya ta tashi ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta tsara abin ne yadda na waje ba zai ga abin da ya wuce mazaɓa ba.

Ya ce, "Hajiya, ai aikin taimako za su yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka san ƙasar da muke ciki. In wanga bayani ya fita hannunmu, ba allura za a kai musu ba."

Ya fita ransa a ɓace. An yi ta maganar za a ɗauke ta daga wurin, ba ta buɗe ba, har maganar ta mutu.

Yanzu Rifkatu ce a kujerarta, wata 'yar Filato da Yaya ta koya wa aikin. Abin ya ƙara sauri, har an kai ga mutum ya rubuta tambayarsa da magana irin ta yau da kullum, manhaja ta mayar da ita yaren kwamfuta. Nakan ce da Yaya tana raye da ta yi murna, don ba ta son ilimi ya tsaya a hannun mutum ɗaya. Amma na san da ta karanta abin da manhajar ta rubuta layi-layi kafin ta yarda a aika. Rifkatu ma haka take yi.

Rashin lafiyar da ta ɗauke ta gajeriya ce. Babu inda aka rubuta sunanta, kuma yawancin waɗanda aikinta ya amfana ba su taɓa ganin fuskarta ba. Ranar sadakar uku, Ardo Manu ya zo Kucheri da wasu dattawa, suka durƙusa a gaban mahaifiyarmu. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko marigayiyar ma likita ce.

Inna, wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ta ce, "Ni ban san sunan aikinta ba. Na dai san ba ta bar a cuce ku ba."

Dattijon ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a da Fulatanci, mu da ba mu ji muka amsa da amin. Allah ya jiƙan Yaya Balkisu, ya haskaka makwancinta.