Wasiƙar Neman Hutun Ɗalhatu

Ɗalhatu mutumin Gumel ne, shekararsa tara yana rubuta wa wani kamfanin jigilar kaya wasiƙu a unguwar Bur Dubai. Da wuya ka ga mutum marar zama wuri ɗaya irinsa. Wayoyinsa biyu, layukansa uku. Ko yana cikin kwalekwale za shi unguwar Deira a tsallaken ruwa, tunaninsa na kan yadda zai yi in inji ya mutu.

A ofis ya tsinci wani Turancin manya, "failing that", wato in wannan bai samu ba, to ga wancan. Abin ya shiga ransa. Kowace wasiƙa sai ya liƙa shi: a loda kaya Litinin, in ba hali, Laraba. Har 'yan kasuwar Kano suka sa masa Malam In-Ba-Hali.

Bawan Allah bai lura ba, manajansa ba ya karanta saman wasiƙa. Ƙasa yake zarcewa, ya ɗauki mai sauƙin. Da matarsa Muhsinat ta haihu, Ɗalhatu ya nemi hutun mako biyu, in ba hali a ba shi ranar suna kawai. Kwana ɗayan aka ba shi, wanda ba zai kai shi gida ba. Ta waya ya ji sunan 'yarsa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Wata Talata ƙanwarsa Ummi Kulsum ta bugo, ta ce Innarsu ta daina cin abinci, sunansa kawai take kira.

Ya zauna zai rubuta neman hutu, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo. Kafin ya ankara hannunsa ya rubuta kalmomin nan da ya saba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya goge. Ya san bizarsa a hannun kamfanin take. In aiki ya tafi, zaman Dubai ya ƙare.

Da ya kai wa manaja takardar, sai ya juya ta, ya duba bayanta. "Habibi, kwantena huɗu na hanya. In bai yiwu ba fa? Kullum kana kawo wata mafita."

"Yau babu, ranka ya daɗe."

"To khalas, shi ke nan, in ka fita ka fita."

Ɗalhatu ya ajiye makullin ofis a kan tebur. Ya shiga tasi, bai san abin da zai ciyar da iyalinsa da shi baɗi ba. Ya kira Ummi Kulsum.

"Sa mata wayar a kunne," ya ce. "Inna, ni ne. Ki jira ni, ga ni nan tafe."