Amfilifayar Masallacin Fagada

Yayana ne ya koya mini gyaran rediyo, a wata 'yar rumfa a bakin kasuwar Jega. Da kunne yake aiki. Yana da ƙaramar lasifika mai wayoyi biyu, zai riƙa dangwala su a kan allon na'ura yana bin murya daga wannan ƙafar ƙarfe zuwa waccan. Inda ta ɗauke, nan ciwon yake. Har daga Maiyama ake kawo masa kaya.

Da na tafi karatun lantarki na dawo, sai na tarar kayan sun sake. Ana gab da azumi wani ɗan kwamitin masallaci daga Fagada ya kawo sabuwar amfilifaya, irin mai cin memori, wai ta yi shiru, ga tafsiri ya ƙarato. Yaya ya buɗe ta, ya dangwala wayoyinsa tsakanin wasu ƙananan ayisi biyu, wato baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da yawa da ke manne a allo. Babu murya, sai wani tsiii mai shiga haƙori.

"Wanga kuma mi ne ne?" ya tambaye ni.

Na ce, "Yaya, a nan sauti ba sauti ba ne, lambobi ne. Ga siraran layuka uku. Ɗaya yana buga lokaci kamar mai kiɗa, ɗaya yana faɗin sautin na lasifikar hagu ne ko na ta dama, na ukun shi ke ɗauke da lambobin a jere. Sai ayisi ta biyu ta mayar da su murya."

Ya daɗe yana kallon layukan. Sannan ya ce to ta biyun ce ta mutu, kuma gaskiyarsa. Ya tono wata mai kama da ita daga wani mataccen allo, ya ɗora ta da dalma. Muka kunna. Karatu ya fito, amma a yayyage, ƙara ta lulluɓe shi kamar ana suya.

Na gane abin da ya faru. Ayisi ta farko tana jinkirta bugu ɗaya kafin ta fara turo lambobi, sabuwar kuwa nan take take ɗauka. Yarensu ne ya bambanta. Da mun san sunan ta asalin da ta mutu da mun nemo irinta, amma masu ƙerawa sun kankare lambar da ke bayanta.

Mai kayan ya dawo ranar kasuwa, ya saurara, ya ɗaga murya a gaban masu albasa.

"Malam, in ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba! Ka ɓata kayan ɗakin Allah."

Mutumin da Yaya ya sha gyara wa masallacinsu lasifika ke nan. Na yunƙura zan yi bayani, Yaya ya riƙe mini hannu. Mutumin ya tsallaka shagon da ke kallonmu ya sayi wata sabuwar amfilifaya, tsohuwar ko waiwayarta bai yi ba.

Bayan salla Yaya ya bar mini rumfar, ya koma noman albasa wajen surukansa a Kashin Zama. Ni yanzu allo nake cirewa ɗungurungum in sa wani, mutane suna yaba mini saurin aiki. Idan na kai masa ziyara yakan tambayi iyali, ya tambayi ruwan bana. Bai taɓa tambayata rumfa ba.