Tsohuwar da Ban Rubuta Sunanta Ba

Cikin shekaru ashirin da uku da na yi ina aikin lafiya a Mubi, akwai wata Talata ta watan Maris da har yau na kasa mantawa da ita. A lokacin ni ne jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ga wanda bai san aikin ba: idan aka kawo rahoton cuta mai yaɗuwa, ni zan je gidan, in ɗebi jini, in rubuta sunayen waɗanda suka yi cuɗanya da majinyacin.

Malama Rifkatu, mai kula da ƙaramin asibitin Digil, ita ta kira ni. 'Yar wani Malam Buba, mai shekara huɗu, ta fito da ƙyanda. Ƙa'ida ita ce, wanda ya zauna da mai ƙyanda, in aka yi masa allurar rigakafi cikin kwana uku, ana sa ran ya tsira. Muka ɗauki akwatin sanyi muka tafi.

Mun tarar an mai da yarinyar ɗakin kakarta, kamar yadda ake yi a gidajenmu, domin kowa ya ɗauka tsoho ya yi ƙyandarsa tun yana yaro. Kakar, Dada Aisatu, ta kusa shekara saba'in. Tana zaune da jikar a cinya tana goge mata ido. Na gaishe ta, na wuce. Muka tara yaran gidan da na maƙwabta, muka yi wa bakwai allura. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce, kuma in an buɗe ta, bayan awa shida zubarwa ake yi.

Rifkatu ta ce, "Oga, sauran na mutum uku fa? Ga tsohuwa nan, da ita yarinyar take kwana."

Na ce, "Malama, a ina kika taɓa ganin an yi wa mai furfura allurar ƙyanda?"

"To ka tambaye ta mana."

"Ba sai an tambaya ba."

Da yamma aka zubar da ragowar.

A rana ta goma sha biyu Rifkatu ta sake kira. Yarinyar ta warke, amma Dada ta kwanta: zazzaɓi, tari, jan ido, ƙuraje sun fara daga bayan kunne. Da na isa, numfashi take ja da kyar. A motar ofis na kai ta babban asibiti.

Likitan da ya karɓe ta ya ce ciwon ya sauka huhu. Ya juyo gare ni. "Tana cikin jerin sunayenka?"

"Ba ta ciki, ranka ya daɗe."

"An tambayi tarihinta?"

Na ce ba a tambaya ba. Ya ce, "Babba in ya kamu, yakan sha wuya ƙwarai. Kwana biyu masu zuwa su za su nuna mana."

A baranda Malam Buba ya tare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Likita, ai da kanka ka shiga ɗakin. Ka gan ta."

"Na gan ta."

Ya juya ya tafi. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu ta yi da robar iska a hanci. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofar ɗakin kafin in tafi ofis, ina duba ko gadonta yana da mutum. A rana ta biyar na same ta zaune tana shan kunu.

Na durƙusa na ce, "Dada, ashe ba ki taɓa yin ƙyanda ba?"

Ta ce, "Sai yanzu kake tambaya, ɗan nan? A ruga na tashi. Baffanmu in ya ji ƙyanda ta shiga ƙauye, ko tuwo na kan wuta, sai mu ɗaure kaya mu haye mayo, wato kogi, da shanu. Mu tara, babu wanda ya yi." Ta huta, ta ja numfashi. "Ƙannena biyu suna zaune a garin Uba. Su ma jikoki ake kai musu."

Ban bar asibitin ba sai da na kira takwarana na can, na ba shi sunayensu. Dada ta koma gida, amma tun daga lokacin ba ta iya tafiya kasuwa sai ta zauna sau biyu a hanya.

Gaskiya ne yawancin tsofaffinmu sun yi ƙyanda, kuma jikinsu ya riƙe kariyar. A jami'a haka aka koya mana, kuma ba ƙarya ba ne. Kuskurena shi ne na mai da "yawanci" ya zama "kowa", alhali matar tana gabana, tana da baki, kuma ƙaramar ma'aikaciya ta nuna mini hanya. Don haka nake gaya wa sababbin ma'aikata: shekaru ba katin rigakafi ba ne, duk wanda ke cikin ɗakin, a tambaye shi.

A makon da aka sallami Dada na tambayi mahaifiyata ko ni na yi ƙyanda, ko an yi mini allura. Ta ce mu takwas ta haifa, ba za ta iya rantsewa ba. Ranar rigakafi ta gaba na je wajen Rifkatu, na bi layi a bayan mata masu goyo, na naɗe hannun rigata.