Malama Soring da Idanun Waliyyi Roke

Ana kaɗa ƙararrawar safe Malama Consorcia Bagalanon, wadda kowa ke kira Malama Soring, take sauka daga keke mai ƙafa uku a ƙofar makarantar Katolika ta bakin tafki, burodinta a leda, makullin ɗakin sassaƙa rataye a wuya. Kafin yara su iso ta dama alli da gam, ta wasa wuƙaƙe, ta share ɓarɓashin katako. Shekara talatin da huɗu ke nan tana koya wa 'ya'yanmu sassaƙa siffofin waliyyai da yi musu fenti irin na kakanni, shafi bisa shafi, har fuska ta zama kamar za ta yi magana. Ga ta da faɗa kamar me. Yaro ya yi garaje, sai ta tuna masa waliyyi yake sassaƙawa, ba rogo yake ferewa ba.

Shekara uku da suka wuce, guguwar watan Yuli ta yaye rufin ɗakin ibada, ruwa ya yi wa siffar Waliyyi Roke, majiɓincin garinmu, dukan tsiya, shi da karen da aka sassaƙa a gefensa. Fentin fuskar ya kwaile, idanun suka goge. Shugabar makaranta, Sista Adelaida, ta kira Malama ofis ta faɗa mata gaskiya: wani tsohon ɗalibi zai kawo wani Roke na roba daga Manila, iyaye kuma sun daɗe suna matsa lamba a mai da ɗakin sassaƙa na kwamfuta. Idan Roke bai fito zagayen gari ranar bikinsa ba, sha shida ga Agusta, za a karɓi na roba, ajin kuma ya rufu ke nan. Malama ta ce zai fito.

Ita da ɗalibanta suka gyara fuskar cikin kwana goma, ya rage ido. To, a zuriyar su Malama ido ba a koyar da shi. Babban masassaƙi kaɗai ke zana shi, bayan azumi da furta zunubi gaban Fada, ƙofa a kulle. Ita ma don mahaifinta bai haifi namiji ba ne ya nuna mata, yana gab da rasuwa. Duk shekarun nan ta koyar da komai, ban da wannan.

Ta yi azuminta, ta kulle ƙofa. Abin da ba mu sani ba, hannunta na dama ya kai shekara yana rawa, tana ɓoye shi a aljihu. Da ta buɗe, sai ga Roke ido ɗaya na kallon sama, ɗaya na hararar kare. Yara suka sunkuyar da kai. Mang Ponso mai gadi ya leƙo, ya yi alamar gicciye, ya ce ai ba laifi, daga nesa ba mai lura.

"Rufe mana baki, Ponso," in ji ta. "Kai ya ɗauko sak, ranar da ka sha giyar kwakwa ka ƙoshi."

Aka yi dariya, amma ita hawaye ne a idonta. Kunya ta kama ta, takaici ya fi kunyar yawa, don ta gane duk garin ba wanda zai iya gyara wannan ido, kuma ita ta jawo.

Washegari ta zo da buhun ƙoƙon kwakwa, ta sa Ponso ya kwance ƙofar ɗakin sassaƙa ya jingine ta a waje. Ɗalibai arba'in suka duƙufa zanen ido a ƙoƙo, mako biyu cur, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana gyara da baki. Tsofaffin masassaƙa suka aiko mata cewa ta tona asirin ubanta. Ta ce a tambaye su, in ta shiga kabari da shi, tsutsa ce za ta zana wa waliyyai ido?

Ta zaɓi Herminia, 'yar masunci, yarinyar da ba a cika jin muryarta ba. Herminia ta yi azumi, ta zana idon gaban kowa, Malama na tsaye a bayanta. Ranar biki Roke ya fito, mata na goga hankici a gwiwarsa don neman albarka suna kuka. A coci Fada Crisanto ya shiga yabon hannun Malama Soring, sai ta miƙe tsakiyar jama'a.

"Ba ni ba ce, Fada. Herminia ce. Kuma akwai talatin da tara a bayanta."

Sista Adelaida ba ta sake tayar da zancen rufe aji ba.

Ke ce gwanar da ta yarda a ga kasawarta don kada sana'a ta mutu, Malama. Ke ce kika tsaya gaban yara da aikin da ya ɓaci, ba ki ɗora wa ruwa ko fenti laifi ba. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma masu sana'a na garin nan, maƙera da masaƙa da masu ɗinkin rigunan waliyyai, abin da kuke ƙunshe da shi ku koyar tun kuna da rai.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Sista ta tambaye ta kyautar da take so. Ta ce ita ba ta son agogo, ba ta son kujera, a dai sa darasin nan a jadawalin makaranta, a rubuce, tana gani. Sista ta ɗauki alƙalami ta rubuta: Talata, ƙarfe goma, ido.