Kujerar Hagu

A ɗakin tuƙin jirgin sama, tsakanin kujerar dama da ta hagu bai kai taku ɗaya ba. In ka miƙa hannu ma sai ka taɓa ta. Kyaftin ne ke zama a hagu da igiya huɗu a kafaɗarsa, mataimakinsa kuma a dama da igiya uku. Ni na yi shekaru a dama ina satar kallon hagu, kuma ba na jin kunyar faɗa, babu abin da na taɓa so a duniyar aiki kamar wannan kujerar.

Tare muka gama makarantar koyon tuƙi da wani abokina, tare kuma wani ƙaramin kamfani ya ɗauke mu a Abuja. Jirage uku kamfanin yake da su, duka masu farfela, muna jigilar mutane zuwa garuruwan arewa da na tsakiyar ƙasa mu dawo kafin magariba. Gida ɗaya muka kama a Lugbe, ƙofarsa na kallon tawa. Ba yabon kai ba, a makaranta na fi shi hannu. Ni in na sauke jirgi sai fasinja ya leƙa taga kafin ya yarda an sauka. Shi kuwa sai ya buga shi da ƙasa ya yi tsalle ya sake bugawa, har malaminmu ya kan tambaye shi wacce daga ciki zai rubuta masa a matsayin sauka.

A aikinmu layi ake bi. Wanda ya riga shiga kamfani shi ke gaba wajen samun kujerar hagu, kuma duk ranar da ka bar kamfani ka koma wani, komai ƙwarewarka, ƙarshen layi za ka koma. Ni ina gabansa a namu layin, don sunana ya riga nasa shiga rajista. Shugaban matuƙanmu, wani dattijo ɗan Filato da kowa ke kira oga, ya riga ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, saura kaɗan.

Shi ya sa na yi dariya har da buga tebur ranar da abokina ya ce mini zai tafi. Muna zaune ne da la'asar a bakin tafkin Jabi muna cin gasasshen kifi. Wani babban kamfani mai manyan jirage marasa farfela ne ya kira shi. Na tuna masa cewa can zai je ya zama kurar baya, ya yi ta ɗaukar jakar wasu, alhali a nan da na hau shi ne mai bi mini. Ya gama tsotse ƙayarsa tsaf kafin ya amsa.

"Mutumina, kamfanin da in jirgi ɗaya ya yi tari sai rabin ma'aikata su kwanta, ni ban iya dogara da shi ba."

Na ce masa tsoro ne kawai ke damunsa. Ya ce ya yarda, ya biya kuɗin kifin muka tashi.

Da farko tausayinsa nake ji, kuma tausayin na yi mini daɗi. Ban san lokacin da abin ya juye ba. Wataƙila daga rediyo ne. Duk jiragen da ke yanki ɗaya tasha ɗaya suke saurare, don haka ina tafe cikin hadari jirginmu na jijjiga kamar tsohuwar a-kori-kura, sai in ji muryarsa a kunnena, a natse, yana neman izinin ƙara hawa sama. Can inda yake babu ko gargada. Na san muryar tun tana rawa in malami ya daka masa tsawa, yanzu har wani ja yake yi mata. In na ji shi sai in ga ina gyara tawa muryar ba tare da na shirya ba, kyaftin ɗina ya juyo ya tambaye ni ko mura nake yi.

Sai kuma aikin hajji. Kamfaninsu na cikin masu jigilar alhazai, aka sa shi a ciki. Mahaifiyarsa da tawa unguwa ɗaya suke a garinmu, kuma tasa ba ta bar gidan suna ko na biki ba sai da ta sanar cewa ɗanta ne ya kai bayin Allah ƙasa mai tsarki. Da na je gaishe da tawa, ta zuba mini abinci, ta zauna ta zuba mini ido, sannan ta tambaye ni a hankali ko nawa jirgin ba ya zuwa Makka ne. Na yi mata bayanin farfela da mai da nisan tafiya. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya kawo lokacin, irin addu'ar da ake yi wa mara lafiya. Abincin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Duk da haka ina da abin da nake riƙe zuciyata da shi. Shi mataimaki ne, ni ma mataimaki, amma ni zan riga shi zama kyaftin. Ya je ya yi ta zuwa Makkarsa da igiya uku.

Ana nan lokacin babban gyaran ɗaya daga jiragenmu ya yi, irin wanda sai an kai shi ƙasar waje an warware shi kaf. Aka ce ba zai daɗe ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, jirgi bai dawo ba. Na biyu ya samu matsalar inji, aka tura shi gefen rumfar gyaran jirage, injiniyoyi suka fara ciro kayansa suna sa wa na ukun. Yau a cire wannan, gobe a cire wancan, har ya koma kamar kazar da aka fige. Muka zama tulin matuƙa a kan jirgi ɗaya tal. Kamfani kuwa ba ya naɗa sabon kyaftin sai da jirgin da zai ba shi.

Zaman gida a Lugbe ga matuƙin da ba ya tashi azaba ce. Jirage ta kanmu suke bi, kuma ni ko ina banɗaki na san wanne ne daga ƙararsa. Matata ta gane, ta koma ƙara sautin talabijin duk lokacin da ta ji wani babba ya taso. Ga kuma ƙa'idar aiki: in ka daɗe ba ka tashi ka sauka ba, ba ka da ikon ɗaukar fasinja sai an sake gwada ka. Sai ga ni, wanda malamai ke nunawa a matsayin misali, ina bin mai tsara jadawali da gaisuwa da tambayar lafiyar yara don ya sa ni a tafiya ko ɗaya. Duk lokacin da na shiga wurin oga magana ɗaya ce.

"Kai ne gaba, kowa ya sani. Jirgin in ta dawo, kujera naka ne. Ka yi haƙuri small."

Akwai wani abokin aiki da ke bi mini a layi tun bayan tafiyar abokina, mutum mai sanyi wanda ba ya gaba da kowa. Da zaman ya yi yawa sai ya kafa kiwon kaji a bayan gidansa, yana kawo mana ƙwai ofis a bayan mota. Ni dai a raina na riga na cire shi daga sahun matuƙa. Ya kan ce mini shi ba ya sa ran komai, tunda ko jirgin ya dawo ni ne a gaba.

Cikin wannan hali abokina ya kira ni ya ce in taya shi murna. Kamfaninsu ya ƙaro jirage, layi ya yi sauri, an ba shi igiya ta huɗu. Na ce masha Allah, na ce na yi murna ƙwarai, na ajiye wayar na zauna a bakin gado. Ƙyashi ne, ba wani suna da zan sa masa. Mutumin da na koya wa yadda ake sassauta hannu dab da ƙasa, shi ne ya sha gabana.

Ya yi walima a sabon gidansa a Jabi. Na je da babbar riga, na yi yaƙe har kumatuna suka gaji. Na lura da komai: labulen, motar, yadda matasan matuƙa ke miƙewa in ya shigo, yadda yake cewa su zauna alhali yana jin daɗin miƙewar. Da jama'a suka ragu ya ja ni gefe ya ce suna ɗaukar mataimaka, kuma ya riga ya yi magana a kaina. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce masa ni kujera ke jirana, ya ce ya sani, amma in duba iyalina.

Na daɗe ina juya maganar. In na tsaya, wataƙila jirgin ya dawo in hau hagu, wataƙila kuma kamfanin ya rufe in rasa duka. In na tafi, shekarun da na yi ina gadin layi sun tafi a banza. Na tambayi mai kajin nan ra'ayinsa, ya yi murmushi ya ce da shi ne yake da aboki kyaftin da tuni ya kama gabansa. A ƙarshe tunanin iyalina ne ya ƙarasa ni. Na kai wa oga takardar ajiye aiki. Ya karɓa ya girgiza kai, ya ce na yi gaggawa.

Na koma ɗalibi. Na yi watanni a waje ina koyon sabon jirgi, na dawo na tarar da waɗanda suka shiga makaranta bayan na fita suna gabana a layi. Na kuma toshe kunnena daga labarin tsohon kamfanina da gangan.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, jadawali ya haɗa ni da abokina. Na shiga ɗakin tuƙi na ce, "Barka da asuba, Kyaftin." Ya ce in bar wannan, mu kaɗai ne. Na ƙi bari, duk abin da ya faɗa sai in ce to Kyaftin, don na san yana sosa masa rai. Shi ke tuƙi a wannan zangon, ni ke riƙe da rediyo.

Muna tafiya a hankali zuwa titin tashi, sai na ji hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ta umarci wani ƙaramin jirgi ya dakata mu wuce. Ya tsaya a mahaɗa ta ɓangarena, farfelunsa na juyawa, fentinsa sabo fil. Na gane shi tun kafin in karanta lambar jikinsa. Jirginmu ne da ya tafi gyara, ya dawo. Da muka zo daidai hancinsa na ga wanda ke zaune a hagu. Mai kaji ne. Ban hango kafaɗarsa ba, ba na kuma bukatar gani. Ya gane ni, ya ɗaga mini hannu da fara'arsa ta kullum.

Abokina bai juyo ba, idonsa na kan hanya.

"Na ji labari tun kana waje," in ji shi. "Na rasa ta yadda zan faɗa maka."

Hasumiya ta kira mu ta ba mu izinin hawa titi. Yatsana na kan maɓallin rediyo amma hankalina na kan ƙaramin jirgin, har sai da suka sake kira. Abokina ya ce a hankali, "Amsa musu, mutumina." Na amsa, na maimaita umarnin kalma bayan kalma kamar yadda ake yi. Muka juya muka hau titi, ƙaramin jirgin ya biyo bayanmu yana jiran nasa lokacin, da wani a kan kujerata.