Akwatin Birkin Alhaji Tsaya-Tukuna

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin Talata, wata biyu da rasuwar Alhaji Bukari, mu huɗu ne a ƙofar gidansa a unguwar Azizya. Akwai ni, Haruna, ƙanin matarsa. Akwai Yaya Rabi, tana takaba, daga bayan ƙofa take magana. Akwai ɗansu Majid. Akwai kuma Malam Isa, direban bas ɗin alhazai na Bi'ir Ali, wanda ya biyo gaisuwa ya zauna shan shayi. Majid ya nuna mana sabuwar a-kori-kurarsa, wadda a nan ake ce wa wanet, ya ce ranar Asabar zai ja tirelar babansa zuwa Khaibar ya ɗauko dabino. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin sitiyari. Babu akwatin birki.

Sai aka ji murya ta ce, "Tsaya tukuna!"

Yaya Rabi ta yi salati a bayan ƙofa. Malam Isa ya waiga har shayi ya zube masa a ƙafa. Ni ma na waiga. Ashe daga bakina ta fito.

Ku da kuka san marigayin kun san kalmarsa ce. A kawo abinci, tsaya tukuna. A ce a tafi ɗaurin aure, tsaya tukuna. Har sunansa na yanka ya ɓace, ya koma Alhaji Tsaya-Tukuna. Shekara da shekaru yana jan ƙaramar tirela mai taya huɗu tsakanin Khaibar da kasuwar dabino, kuma abin da ya fi so a duniya, bayan Yaya Rabi (wasu sun ce kafin ita), shi ne wani baƙin akwati da bai wuce sabulun wanki ba. A ƙarƙashin sitiyari ake ɗaura shi. Aikinsa ɗaya ne: in direba ya taka birki, shi ke gaya wa tayoyin tirela su ma su kama. In babu shi, mota ta tsaya, tirela ba ta ji labari ba. Marigayi yakan ce, "Mota tana da ido. Tirela makauniya ce, ga ta da ƙiba."

Tun Talatar nan nake jin ana cewa na gaji haukar mijin yayata. Madalla. Zan kawo hujjoji huɗu, a jere, kowa ya yi wa kansa hukunci.

Na ɗaya, yadda ya zaɓi akwatin. Ba zan ɓoye ba, Alhaji yana da maƙo. Ganyen shayi na jaka sai ya yi masa aiki sau uku kafin ya sallame shi. Silifas ɗinsa da waya aka ɗaure. Da muka shiga shagon kayan mota a unguwar makanikai, mai shagon, wani da ake kira Abu Salim, ya kalli silifas ɗin nan, ya miƙo mai arha.

"Wannan ya ishe ka, ya hajji."

"Tsaya tukuna. Iri nawa ne?"

Abu Salim ya ce iri biyu. Mai arhan nan ƙidaya yake yi: ka taka birki, ya ɗan jira, sannan ya damƙe tayoyin tirela da ƙarfin da aka saita masa, ko a hankali ka taka ko da gaske, duk ɗaya ne a wurinsa. Ɗayan kuwa yana jin yadda mota ke rage gudu, ya matse daidai da haka.

"Wato wannan kurma ne, wancan yana ji," in ji Alhaji.

"Duka suna aiki, ya shekh."

"To, mu gani."

Alhaji ya tambaya ko kowanne yana ɗaukar taya huɗu, ya tambaya ko akwai ɗan marfin da ake dannawa da yatsa a kama tirela ita kaɗai. Sannan ya sa aka ɗaura kurman. Ya sayi shayi mai zafi, aka cika kofi fal, ya buɗe ƙofar gaba ya ce wa Abu Salim, "Bismillah. Wanda ya yarda da kayansa ya riƙe kofi." Bawan Allah ya shiga da farar jallabiyarsa mai guga. Muka zaga filin da ke bayan shaguna a hankali, Alhaji ya ɗan taɓa birki. Shiru. Sai kuma gam! Tirela ta fizgi mota ta baya.

"Wallahi ka ƙona ni!"

"Ba ni ba ne. Kayanka ne."

Aka ɗaura mai ji, aka sake cika kofi. Abu Salim ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar an ba shi kunama. Aka taka birki, ko ɗigo bai zuba ba. Alhaji ya sayi mai tsadan ba tare da ya yi ciniki ba, abin da ban taɓa gani ba kuma ban sake gani ba. Sannan ya karɓi kofin ya shanye, ya ce kada a yi asara. Jakar ganyen kuwa ta bi mu gida.

Na biyu, saiti. Akwatin yana da lamba da ake ƙarawa ko a rage, gwargwadon nauyin kaya. Dokar Alhaji ita ce duk lokacin da kaya ya canza, sai an gwada. Ga yadda yake yi. A nemi wuri miƙaƙƙe babu kowa. A tafi a hankali. A danna marfin nan da yatsa. In tayoyin tirela suka ƙage suna kuka, a rage. In tana tura mota kamar ba a yi mata magana ba, a ƙara. A maimaita har a samu daidai.

Wata rana a Khaibar mun loda, mun gwada, mun yi sallama da mai gonar, wani dattijon Balarabe mai kirki. Har mun tayar da mota sai ga shi da ma'aikatansa ɗauke da kwalaye goma sha biyar, ya ce kyauta ce ga iyali. Aka ɗora. Alhaji ya yi godiya mai tsawo, ya kashe mota.

"Lafiya?" in ji dattijon.

"Kaya ya canza."

"Kyauta ce fa, ya Abu Majid!"

"Kyauta ma nauyi gare ta."

Hanyar da ake gwajin kuwa yanzu motar dattijon ta tare ta, ga ƙofar gona an riga an kulle. Sai da ya koma gida ya ɗauko makulli, ya kawar da motarsa, ya buɗe ƙofa, ya tsaya cikin rana tsakar zafin nunar dabino yana kallon mu muna kai-komo. Da muka gama ya share gumi ya ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, addu'a kawai zan yi maka."

Alhaji ya ce, "Ita ba ta bukatar saiti."

Na uku. Masu dariya su rage murya a nan. Muna dawowa da cikakken kaya, wajen ƙarfe biyu na rana, a inda hanya ke gangarowa tsakanin baƙaƙen duwatsu. Wata babbar mota ta wuce mu da gudu. Iskarta ta daki tirela. Na ji bayan motarmu ya yi hagu, ya yi dama, ya sake yin hagu fiye da na farko. A madubi na ga tirela tana rausaya kamar wutsiyar kifi, kwalaye suna kaɗawa. Ni da ake cewa ba na ruɗewa, na dafe gaban mota ina kalmar shahada da ƙarfi, ina cewa, "Taka birki, Yaya! Taka!"

Bai taka ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya sa babban yatsa ya danna marfin nan a hankali. Tirela ta kama kanta, ta ja motar ta baya kamar an ja igiya an miƙe ta. Shi ke nan. Muka gangara gefe muka tsaya. Ya fita ya taɓa tayoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya zauna, ya dube ni.

"Haruna."

"Na'am, Yaya."

"Kai da kake son komai a jere, sai ga shi ka fara shahadar daga ƙarshe."

Daga baya ya gaya mini da ya taka birkin mota da ƙarfi a lokacin, tirela za ta nemi wuce mu ta gefe, mu kuwa sai dai a tsince mu tare da dabino. Yatsan nan nasa da akwatin nan su ne sanadin da nake zaune ina rubutu yau. Duk mai cewa hauka ce, ya zo ya faɗa a gabana.

Na huɗu, asibiti. Kwana uku kafin ya cika, ana tura shi a gadon marasa lafiya zuwa ɗakin hoto. Ba ya ci, da ƙyar yake magana. Aka zo wata 'yar gangara a baranda, ma'aikaci ɗaya yana ja ta gaba. Alhaji ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa.

"Tsaya tukuna. Wa ke riƙe da baya?"

Majid ne ya zagaya ya riƙe. Yana dariya, hawaye na zuba. Shi ya sa abin da ya faɗa ranar Talata ya ƙona mini rai. Da na tambaye shi akwatin, da Larabci ya amsa, kamar yadda yaran nan suka saba: "Ya khali," wato kawu, "mafi mushkila," wai babu matsala. "Motar sabuwa ce, birkinta ya isa. Abokaina duk haka suke ja." Ya ƙara da cewa akwatin yana bugun gwiwa, kuma wayoyinsa za su ɓata masa mota.

Na ce da Hausa zan ba shi amsa, ya ji da kyau. Birkin mota an yi shi ne don mota. Nauyin dabino kuwa ba ya tambayar shekarar da aka ƙera ta. Gwiwa in ta bugu tana warkewa. Hannun Yaya Rabi kawai muka gani ya fito ta gefen ƙofa, riƙe da makullin kwaɗon da ke wuyan tirela. Ni ta miƙa wa. Yana aljihuna yanzu, kuma ba zai fita ba sai an cika sharuɗɗa uku. A ɗaura akwati mai ji, na babansa ko sabo, wanda ke ɗaukar taya huɗu kuma yake da marfin yatsa. A ɗaura shi inda hannu zai kai ba sai an sunkuya ba. A gwada shi a gabana. Majid bai yi mini magana ba tun ranar. Na jure. Gara ya yi fushi da ni shekara goma yana tafiya da ƙafarsa.

Allah ya jiƙan Alhaji Bukari. Ya tsayar da mu sau dubu, ko sau ɗaya bai kifar da kowa ba. Allah ya sa ya tarar da hanya miƙaƙƙiya, ya sauƙaƙa masa nauyin da ke bayansa, ya shigar da shi ba tare da an ce masa tsaya tukuna ba. Amin.

Ga roƙona gare ku. Majid yana yawo yana neman aron tirela. Duk mai ita kada ya ba shi, ko da ya zo da Hausa. Sannan ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi, bayan La'asar, ku zo filin da ke bayan shagunan makanikai. Abu Salim ya yarda zai ɗaura akwatin, amma ya rantse ba zai shiga mota ba. Ni zan riƙe kofin, da farar riga. Wanda Majid yake jin kunyarsa a cikinku, ya biya ta gidan ya taho da shi.