Mai Kallon Fim a Layin Likita

A layin ganin likita wata siririyar mata tana kallon fim a waya. Tsohon da ke gefenta, mai cewa fim aikin banza ne, ya miƙa wuya yana leƙe. Mijin cikin fim yana rantse wa matarsa, idonsa a ƙasa. Mai wayar tana murza yatsa inda zobe ya bar shaida. Da alama ta taɓa jin irin wannan rantsuwa.

"Ƙarya yake, ko 'yata?" in ji tsoho.

"Bai ma iya ba, Baba. Gwanin ƙarya cikin ido yake kallon mutum."

Tsoho ya janye wuyansa. Tasa matar tana kusa tana ji, kuma da safen nan cikin ido ya kalle ta ya ce ya daina shan sukari. Ga shi yanzu za a gwada jininsa.